Jiki Na Sujada, Zuciya Na Yawo

Ranar Lahadi da safe, daga Jos zuwa Kafanchan, daga Zonkwa zuwa Garkida, majami'u cike suke maƙil. Magatakarda yakan bi layi yana ƙirga kawuna ya rubuta a littafi. Da hankula yake ƙirgawa, da aikinsa ya yi sauƙi.

Babban yayan masu yawon zuciya shi ne Mai Gyangyaɗi, domin shi yana da kaka a cikin Littafi Mai Tsarki. Ayyukan Manzanni sura 20 ta ba da labarin Aftikos, saurayin da ya zauna a taga a Taruwasa, barci ya sace shi, ya faɗo daga hawa na uku. Amma a yi wa Aftikos adalci, Bulus ya kai tsakar dare yana magana. Namu kuwa ƙarfe goma na safe, Baba Fasto bai gama faɗin sura da aya ba, ya riga ya lula. Kansa na sauka yana tashi, na nesa sai ya ce yarda yake yi da kowace magana. Matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu, ya zabura da "Amin!" mai ƙarfi, daidai lokacin da ake karanta yadda Yahuza ya karɓi azurfa talatin. Da damina ina yi masa uzuri, wanda ya yi kwana shida sunkuye a gona ya samu benci da fanka dole ido ya yi nauyi. Sai dai da rani ma haka yake.

Kusa da shi akwai Mai Littafi a Waya. Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa sun sha fama shekara da shekaru kafin cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Yau ga shi nan duka a tafin hannu, yana zaman maƙwabtaka da WhatsApp da TikTok. Kafin wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, wanda ya manta Littafinsa a gida sai ya leƙa na na kusa da shi, ko ba komai sun karanta abu ɗaya. Yanzu ba ka da ikon tuhumar kowa, kai a sunkuye, yatsa na tafiya. Gane shi dai ba wuya: ana karatu daga Makoki, shi yana murmushi.

Mai Lissafi ya fi shi wayo. Biro da ɗan littafi a hannu, yana rubutu babu ɗaga kai, har fasto ya taɓa nuna shi ga matasa a matsayin abin koyi. Leƙa takardar. Buhun masara kaza a kasuwar Saminaka, kuɗin mota kaza, ladan ɗan dako kaza. In ka ga ya yi tsaki a hankali, ba zunubansa ya tuna ba, riba ce ta ƙi fita.

Ɗan ƙwallo agogo yake kallo, yana roƙon Allah kada a ƙara baiti ko ɗaya, don Arsenal na da wasa kuma bai ci abinci ba. Saurayin da ya canja wurin zama tun da wata ta shiga ƙungiyar mawaƙa, shi ma mun gan shi, Allah ya sa a yi da mu.

Uwar Tukunya kuwa a ɓangaren Zumuntar Mata take, da ankonta da ɗaurin kallabinta. Bakinta na bin waƙa, hannunta na buga tulu, zuciyarta na kan murhu. Ta ɗora wake ta bar wa 'yar shekara goma, kuma ta san 'yar tata. Duk lokacin da aka yi wa'azi a kan Marta da Maryamu daga Luka sura 10, sai idanu su juyo kanta. Ni dai ban cika son wannan kallon ba. Masu kallon nan su ne za su fara wanke hannu in an tashi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce a bar tuwon, shi Maganar Allah ta ƙosar da shi.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Mai Rabon Wa'azi. Ba ta barci, ba ta taɓa waya, kalma ɗaya ba ta wuce ta. Sai dai duk abin da ya fito daga bagade tana da wanda za ta kai wa. Fasto ya taɓa gulma, ta waiga ta nemi maƙwabciyarta. Ya taɓa rowa, ta yi ajiyar zuciya, wannan na facalarta ne. Ya zo kan girman kai, ta ce "Faɗa masu, Baba!" har 'yan bayan benci su ji. In wadda aka yi wa'azin dominta ba ta zo ba, ranta ya ɓaci ke nan, an yi asarar magana. Da yamma za ta sa takalmi ta je gaisuwa: "Mama, yau ba mu gan ki ba. Kai, kin yi rashi! Sai ka ce Baba Fasto ya san gidanki." Ta raba wa'azin nan kaf kamar naman watanda, kowa da kasonsa, ita mai rabon ta koma gida hannu wofi. Akwai namijinta kuma, wanda ya taɓa yin 'yan watanni a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro. Shi maki yake ba fasto. Ka tambaye shi me aka koya yau, ya ce gabatarwa ta yi tsawo.

Sai Mai Hidima, wanda ba a iya yi wa faɗa domin don Allah yake yi. Shi ne kan janareto, shi ne kan lasifika in ta fara kuka, shi ne mai jera kujerun baƙi, shi ne mai shiga ɗakin baya ƙirga baiko. Yana cikin kwamitin gini, da na bikin godiyar kaka, da na sayen mota. Kullum yana coci, amma rabonsa da ya zauna ya ji wa'azi daga farko har ƙarshe tun yana makarantar Lahadi. A ganina nasa ya fi na mai barci haɗari, don mai barci ya san ya yi barci.

Akwai wanda na cire daga wannan lissafi: mutumin da ke zama kusa da ƙofa, kunnensa ɗaya na waje, ƙarar babur kaɗan ya ɗaga kai. Wanda ya tuna harin bam na Kirsimetin 2011 a cocin Madalla ba zai yi masa dariya ba. Haka matasan da ke tsaye a bakin get suna duba jaka, rana na dukansu, wa'azin ma guntu-guntu yake iso masu.

Abin da ke tara dukan sauran wuri guda shi ne sanarwa. Magatakarda ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ce dattawa sun umarce shi ya karanta sunayen waɗanda suka yi alkawarin kuɗin rufi bara ba su cika ba. Mai Gyangyaɗi ya wartsake ba tare da an zungure shi ba. Waya ta koma aljihu, biro ya tsaya, wake ya ƙone in ya ga dama. Mai Hidima ya shigo da gudu, hannu duk baƙin mai. Mai Rabon Wa'azi ta gyara zama tana jiran sunan facalarta, sai ga nata na biyu a jerin.