Ta Tsakiya Ko Ta Manya: Ire-iren Masu Sayen Tab a Wudil

Duk wanda ya ƙudurta sayen kwamfutar hannu a Wudil, wato tab, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya leƙa shagunan waya da ke bakin titin Maiduguri, ko kuma ya hau mota zuwa Kano ya faɗa Farm Centre ko titin Beirut, inda kaya suka fi yawa, bakin 'yan kasuwa kuma ya fi zaƙi. Ko ina ya nufa, tambayar ɗaya ce. Ya ɗauki ta tsakiya, irin su Galaxy Tab A da Redmi Pad da Lenovo da Xpad ta Infinix, ko ya rufe ido ya ɗauki ta manya, wato iPad Pro ko Galaxy Tab S? Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wasa ba ce. iPad Pro ta 2024 daga dala 999 ta fara a can Amurka, mu kuwa tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mai karatu ya buga lissafin da kansa, ya ƙara kuɗin shigowa da ribar mai shago. Sai dai abin da na lura, ba kasafai aikin da mutum zai yi ke zaɓa masa ba. Halinsa ne ke zaɓa.

Na farko shi ne wanda abokansa ke kira Injiniya. Ɗalibi ne a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda tsofaffin gari har yau suke kira KUST duk da an sauya mata suna tun 2022. Injiniya ya fi mai shago sanin kayan shagon. Yana shiga zai fara: "Oga, wannan RAM ɗinta nawa? Takwas? Ai ta mutu. Gilashinta sau nawa yake sabuntawa a daƙiƙa, 60 ko 120?" Zai karɓa ya shafa, ya buɗe, ya rufe, ya girgiza kai irin na wanda aka ɓata wa lokaci. A wurinsa duk abin da bai kai iPad Pro ba abin wasan yara ne. Ana cikin haka waya za ta yi ƙara a aljihunsa, ya zaro itel mai fasasshen gilashi, an ɗaure ta da kyauro. Tun yana aji ɗaya yake tambayar farashi, yanzu yana aji huɗu. Ya lissafa cewa in ya ajiye naira 20,000 ta NELFUND duk wata, bai ci ba bai sha ba, zai saya bayan ya gama bautar ƙasa da 'yan shekaru. Abin da ba ya so a tuna masa shi ne, cikakkiyar AutoCAD da malamansa ke nema a laftof take aiki, kuma takardun darasin da ake turo musu ta WhatsApp, tab mafi araha a shagon ma za ta buɗe su sarai. Mai shago ya daina tashi idan ya gan shi. Kujera kawai yake tura masa da ƙafa.

Ranar Juma'a kuwa, bayan an sauko masallaci kuma ciniki ya faɗa a Kara, sai ga Alhaji. Ya sayar da shanu, aljihun babbar riga ya yi nauyi, yaronsa na biye da jaka. Shi ba ruwansa da RAM.

"Yaro, wacce ta fi kowacce tsada?"

"Ranka ya daɗe, wane irin aiki za a yi da ita?"

"Aiki? Na ce maka aiki na zo nema? Wadda na gani a hannun Alhaji wane, ita nake so, in da wadda ta fi ta ma a kawo."

Zai karɓa ya auna nauyinta a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya duba gefe da gefe kamar mai neman haƙoran bajimi. Sai a shiga ciniki irin na Kara. Ya taya rabin kuɗi, a ce albarka, ya juya kamar zai tafi, a riƙo shi, ya ƙara, a sallama, a sha hannu. Alhaji ya tafi yana jin ya yi wa yaro wayo.

Juma'a mai zuwa sai ga shi ya dawo, fuska babu annuri. "Kai, wace irin waya ka ba ni da ba ta kira?" Nan ne zai ji abin da ya hana a faɗa masa tun farko: iPad ba a kiran layi da ita yadda ake yi da waya, ta 2024 ɗin ma ba ta da ramin sa layi ko kaɗan, sai eSIM, kuma ba ta da wurin memori. Ga yaronsa tsaye da memori cike da tafsiri da dambe, an rasa inda za a zura shi. Da Alhaji ya ɗauki ta tsakiya mai cin layi da memori, da buƙatarsa ta biya da kuɗin ɗan maraƙi. To amma ina! Yanzu aikinta biyu ne. Tana kwance a gaban mota inda kowa zai gani, kuma idan aka kawo sa mai kyau sai Alhaji ya ɗaga ta da hannu biyu ya ɗauki hoto, ta rufe masa fuska ruf, hula kawai ake gani a sama.

Ba zan wuce ba tare da ambaton ɗan rakiya ba, domin shi ne ya fi kowa ɓarna. Kobo ɗaya ba zai fita daga aljihunsa ba, amma muryarsa ta fi ta mai saye. Kai ka fito da niyyar ta tsakiya, ka tara kuɗinka daidai, shi kuma ya raɗa maka: "Haba mutumina, kamar kai? Wannan ai ta 'yan firamare ce. Ciko kawai." Cikon nan ya ninka kuɗin da ka zo da shi sau uku. In ka saya, shi ne na farko da zai ara don kallon ƙwallo. Wani lokacin ma, kana fita zai ce ya manta hularsa a shago. La'ada ya koma karɓa.

Akwai kuma mai son ta manya da kuɗin ta tsakiya. Wannan ba ya kallon sababbi a kwali. Kai tsaye yake tambaya: "Akwai London?" Akwai kuwa, kullum akwai. Kuma kullum labarinta ɗaya: wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, sau biyu ta kunna. Ban san yawan tsofaffin Ingila ba, amma dai suna da hannu mai tsafta. Zai dawo Wudil da tambarin Apple a baya, ya zaɓi rigar tab mai huda a tsakiya don kada tambarin ya ɓuya. Sati biyu sai batir ya fara nuna shekarunsa, a cire daga caji da hantsi ta mutu kafin azahar. Manhajoji su fara cewa sai an sabunta, ita kuma ta tsufa da karɓar sabuntawa. Wanda ya fi shiga uku shi ne wanda ya goge komai don ya fara da sabo, sai ta tambaye shi makullin iCloud na tsohuwar Baturiyar nan. Daga nan ta zama faranti. Ba wai duk ta hannu ce ke da illa ba, akwai masu kyau, amma sai wanda ya san abin da zai duba kafin ya miƙa kuɗi, shi kuwa mutuminmu tambari kawai ya duba.

Mai jiran dala ta sauka ba ya buƙatar dogon bayani. Tun tana 460 yake cewa ta yi tsada. Yana nan yana jira.

Baban yara shi na fi tausaya wa. Niyyarsa mai kyau ce. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, shi kuma ba ya so ɗansa ya fara taɓa na'ura a ɗakin jarrabawa. Ya ɗauki ta tsakiya, kuma ya yi daidai. Ya tara iyali ya yi huɗuba: "Wannan ta karatu ce. Duk wanda na kama yana wasa da ita, ni da shi ne." Kwana uku aka yi karatu. A na huɗu auta ya gano inda katun yake, a na biyar uwargida ta gano Labarina a YouTube, a na shida datar wata guda ta ƙare. Gilashi ya cika da zanen yatsu na miyar kuka. Kuskurensa ɗaya ne, ya yi rowar kuɗin riga da gilashin kariya, ya ce mai shago cuta yake so ya yi. Ranar da aka yi kokawa a kanta tsakanin Yaya da ƙaninsa, siminti ne ya raba gardama.

Kishiyarsa shi ne mai tattali. Ya saya ta manya, amma ledar gilashi tana nan, kwali yana nan, rasiti yana cikin kwali. Tana naɗe a tsohon rawani a ƙasan akwati. In baƙo ya zo a fito da ita a nuna, a mayar. Ko matarsa ba ta san lambar buɗewa ba. Garanti zai ƙare batir bai cika caji goma ba.

Cikin wannan taro mutum biyu ne na ga sun san abin da ya kawo su. Ɗaya wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi daga gida. Tambayoyinta uku ne, kuma babu wadda Injiniya ya taɓa yi: "Ɗana, in na cika ta da safe za ta kai dare? Tana cin layi? In gilashin ya fashe, nawa ne canji, kuma a nan za a samu ko sai Kano?" Tambayoyin mutumin da ya san garinsa ke nan. Wutar KEDCO ba ta da alƙawari, zafin Afrilu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga duk wata kafa, kuma a rumfar mai caji babu manya babu ƙanana, kowacce sai a manna mata salatif a rubuta lamba a jera ta kusa da ƙaramar Nokia. Hajiya ta ɗauki ta tsakiya, ragowar kuɗin ta saro wani dila na kaya.

Ɗayan wani matashi ne mai zana fastocin biki da na 'yan siyasa da tambarin shaguna. Shi ta manya ya saya, kuma babu mai ganin laifinsa. Yana buƙatar gilashin da zai nuna launi yadda zai fito a takarda, da alƙalamin da ke jin nauyin hannu. Ya ma yi lissafin da wasu ba sa yi, cewa Samsung na haɗa alƙalaminta a cikin kwalin Tab S, alhali na Apple sai ka saya daban. A wurinsa tab ɗin jari ce, kuma kakar zaɓe ɗaya ta isa ta mayar da kuɗinta, muddin 'yan takara suka biya, wanda shi ma wani zance ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ba da zane ko haɗa bidiyo kake cin abinci ba, ta tsakiya ta ishe ka, kuma ka saya mata riga tun a shagon. Kafin ka miƙa kuɗi, ka tambayi farashin canjin gilashi. Ranar da za ka hau motar Kano kuma, ka bar ɗan rakiya a Wudil.