Minsharin Alhaji ma a sa masa inshora?

Ku gama dariyar tukuna, ba sauri nake ba. Daga cewa a Faransa da Jamus da Amurka mutum yana kwance a ɗakinsa likita zai duba masa matsalar barci ta waya, inshora kuma ta biya kuɗin, sai 'yan fadar Tasawa suka tuntsire har shayi ya zube a kan gawayi. Mutanen Mayahi kuwa, da yake ba sa dariya sai sun lissafa abin da za ta ci musu, tambaya ɗaya suka yi: shi barcin, nawa ake sayar da tiyarsa?

To, mu fara da kai, Alhaji, tunda muryarka ta fi ta kowa. Ka ce barci ba ciwo ba ne, kai da ka sa haƙarƙari a ƙasa shi ke nan sai kiran assalatu. Na yarda. Amma a wannan shari'a ba a karɓar shaidarka, domin duk lokacin da abin ke faruwa ba ka nan. Hajiya za a tambaya. Ita ce ke jin injin niƙa ya tashi tun bayan isha'i, can kuma ya ɗauke ɗif, ta ɗaga kai tana salati ko ta Allah ce ta kasance, sai ka ja wani gurnani ka ci gaba. Wannan shirun da ke tsakani shi ne ciwon. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta zaburar da kai ba tare da ka sani ba. Likitoci suna fara kiransa ciwo idan ya kai sau 5 a awa ɗaya, idan ya kai 30 kuwa ya yi tsanani. Yana tafe da hawan jini, yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma shi ke sa ka gyangyaɗi a sahun gaba ranar Juma'a kana gyaɗa wa liman kai, jama'a na zaton huɗubar ce ta ratsa ka.

A 2019 mujallar likitoci ta Lancet Respiratory Medicine ta fitar da ƙiyasin cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan matsala a duniya. Ku ce mini duk cikinsu babu ɗan Kanambakashe ko ɗaya, babu na Korgom. Idan kuma gyangyaɗin masallaci bai dame ku ba, ku tuna da direban da ya kwaso ku daga Maraɗi zuwa Damagaram, ya wuce Gazawa ido na lumshewa, goro a kunci, ku kuna baya kuna ta hira.

Ku kuma samarin fada, kada ku ɓuya a bayan Alhaji. Naku ciwon kishiyar nasa ne. A sha na fari mai ɗaci, a sha na biyu, a sha na uku, ana latsa salula har ƙarfe biyun dare, sannan a kwanta ido ya bushe a ce jifa aka yi. Ranar da dannau ya danne mutum, ya farka jiki ya ƙi motsi, sai gidan malam. Rubutu ba ya cutar da kowa, ku sha abinku. Wanda nake jin tsoro shi ne mai tallan magani a kan keke, wanda kwalinsa ke shan rana tun safe, yana ɓallo maka ƙwayar diazefam kamar alewa. Ƙwayar tana sa barci, amma jiki yana sabawa da ita har ya kasa rabuwa, kuma ga mai irin minsharin Alhaji tana iya ƙara dagula numfashin. Kun ga ashe kuna biyan kuɗin barci tuntuni, dala-dala, ga wanda bai taɓa shiga ajin likitanci ba.

“Amma ta waya? Likitan da bai taɓa ka ba?” Inna, ke ce mai wannan tambaya? Wa ya aika wa ɗan ƙanwarsa malamin asibiti a Yamai saƙon murya a WhatsApp, da hoton ƙafa a kumbure, ana cewa ya faɗi maganin da za a saya? Duba mara lafiya daga nesa kun riga gwamnati farawa. Bambancin kawai, shi ɗan ƙanwar ba a biyansa, shi ya sa daga saƙo na uku sai ya ce rezo ne babu. Likitoci ma sun daɗe a kai: tun 2001 tsarin RAFT ya haɗa asibitocin Mali da na Janiba ta intanet, daga baya ya bazu a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Abin da Turawa suka ƙara shi ne amsar tambayar mutanen Mayahi, wato wa zai biya. Faransa ta fara biyan kuɗin ganin likita ta bidiyo daga asusun lafiyarta ranar 15 ga Satumba, 2018. A 2020 Jamus ta amince likita ya rubuta wa mai rashin barci manhajar waya mai suna somnio, inshora ta biya. A 2022 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a gwada manhajar Sleepio maimakon ƙwayoyin barci. Dalili kuwa, maganin rashin barci da ya fi inganci magana ce da horo: tashi a lokaci ɗaya kullum, kada ka kwanta sai barci ya zo, idan ya ƙi ka tashi ka bar shimfiɗar, ka rage shayin dare. Allura ba ta bin waya, amma wannan yana bi.

Yanzu ga inda kuka kama ni, ku yi tafi. Maganin babban minshari na'ura ce da ake kira CPAP, wadda wani likita, Colin Sullivan, ya fito da ita a birnin Sidni na Ostareliya a 1981. Ana ɗaura abin rufe hanci, tana hura iska duk dare don kada maƙogwaro ya rufe. Duk dare fa, kuma da wutar lantarki. Mu da wutarmu ke biyo layin Katsina ta Gazawa, ba mu manta Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse ta bayan juyin mulki, aka yi watanni ana fifita da mafici. Ƙauyukan da falwaya ba ta taɓa zuwa ba kuwa, ba a ma maganarsu.

Wani abin da zai ƙara muku daɗi, inshorar can ba ta ba da na'ura ta kau da kai. A Amurka tsarin Medicare yana son shaidar cewa a watanni ukun farko an samu kwana 30 a jere da ka sa ta aƙalla awa 4 a kashi 70 cikin ɗari na dararen, in ba haka ba ya daina biya. A Faransa ma tun 2018 na'urar ke aika rahoto da kanta, kuɗin da ake biya yana bin yawan amfani da ita. Ku kawo wannan gidan Alhaji mai mata uku. A ɗakin wa za a girke ta? Ko duk mai girki ita za ta ɗauko ta tare da kwanon tuwo? Ranar da rahoto ya nuna ba a kunna ta ba a ɗakin amarya, wa zai yi wa uwargida bayani? Wannan kam na bar wa alƙali.

Rashin yardarku da alkawarin “wani zai biya” ma yana da tushe. Tun 2006 aka ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne a Nijar. Tsarin ya ceci rayuka, amma kuɗin da gwamnati za ta mayar wa gidajen likita ya riƙa makara har bashi ya taru, uwa ta zo da takardar kyauta ta tarar da kantar magani wayam. Daga 1 ga Satumba, 2024 an rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Sauƙi ne, amma ragowar rabin daga aljihunka zai fito, a ranar da ciwo ya zaɓa, ko da ranar ta faɗo a tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa.

Sai dai kafin ku ce tara kuɗi don ciwon da bai zo ba al'adar Nasara ce, ku leƙa bayan gida. Tun 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi: mata su zauna duk mako su zuba, a ba da rance, a ware wani abu don wadda ta shiga matsala. Daga nan aka kwafe shi zuwa ƙasashe da dama. Matan da kuke cewa sun tafi gulma, su ne suka koya wa duniya asusu, ku kuna gindin bedi kuna muhawara ko inshora caca ce. Mai wannan shakka ya tambayi malaminsa labarin takaful, wato inshorar Musulunci.

Ni ban ce a sayo wa kowane mai minshari na'ura ba, ban kuma ce barci ya sha gaban zazzaɓin cizon sauro da haihuwa a asusun lafiya ba. Abin da nake so a saka ƙarami ne. Majo na gidan likitan ƙauye ya auna jini, ya auna kaurin wuya, ya yi tambayoyin da aka saba yi. A maƙala wa mutum ɗan abin auna iskar jini a yatsa ya kwana da shi, batir yake ci. Da safe a tura sakamakon ga likita a Maraɗi ko Yamai, asusu ya biya shi ladan lokacinsa, ya biya kuɗin kira. Wanda abinsa ya yi tsanani shi kaɗai zai hau mota ya yi tafiyar sama da kilomita 100 daga Tasawa, sauran a ba su shawara a inda suke: kwanciya ta gefe maimakon rigingine, barin ƙwaya, rage tumbi. Na ga ka shafa naka, Alhaji. Na san shekara nawa ka yi kana tara shi.

Sharaɗi ɗaya zan kafa idan an fara: ranar kiran likita, wayar a hannun Hajiya za ta kasance. Kai ka zauna a gefe ka yi shiru, ai ka riga ka yi naka bayanin da dare.