Yadda ake yawon buɗe ido a Tamale lokacin gasar ƙwallo

A 2008 Ghana ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin nahiyar Afirka, Tamale kuwa na cikin garuruwa huɗu da aka murza leda, tare da Accra da Kumasi da Sekondi. In Allah ya sake kawo irin wannan rana, ga shawarwari kyauta daga wanda hunturun garin ya taɓa tsaga wa leɓe.

Da farko, kada ka wahalar da kanka da Turanci. Koyi kalma guda ta Dagbanci, wato "naa". In an ce maka "dasiba" da safe, ka ɗan rusuna ka ja ta da tsawo: "naaa". Duk gaisuwar da ta biyo baya, ita ce amsa. Amma ka kasa kunne, kada mai fata ya faɗi kuɗin takalmi ka ce "naa", don shi ke nan ciniki ya faɗa.

Na biyu, kada ka yi gulmar kowa da Hausa. Ni na taɓa raɗa wa abokina a kasuwar Aboabo cewa doyar wata mata ta yi tsada. Sai ta ɗago kai ta ce, "Alhaji, a garinku kyauta ake bayarwa?" Na sayi uku don kunya, ga shi ba ni da tukunya.

Na uku, ka je filin wasa tun kafin ranar wasa. Kamfanin China ne ya gina shi domin gasar, yana ɗaukar mutum kusan 20,000, yanzu kuma yana amsa sunan marigayi Aliu Mahama, tsohon mataimakin shugaban ƙasa. A nan Angola ta lallasa Senegal 3 da 1, har kocin Senegal ya tattara komatsansa tun ba a gama wasannin rukuni ba. A nan kuma Kamaru ta kori Tunisiya 3 da 2 bayan ƙarin lokaci. In kai ɗan Najeriya ne, yaba ginin ka yi gaba. Kana daɗewa wani zai tuna maka yadda Ghana ta fitar da ku 2 da 1 a Accra, da 'yan wasa goma.

Na huɗu, tsallaka titi sai da alwala. Tamale garin babur da keke ne, kuma mata ba a bar su a baya ba. Za ka ga hajiya da goyo a baya, kwandon tumatir a gaba, ta gifta ka tana amsa waya. Duba dama, duba hagu, ka karanta abin da ya sawwaƙa.

Na biyar, in ka gama kallon babban masallaci, ka zarce majema a Zango. Ba ka bukatar ɗan jagora, hancinka ya isa. Ka tsaya ka ga yadda ake jiƙa fata a rami, a kankare gashi, a shanya, kafin ta zama jakar da za ka je gida kana cika baki da ita.

Na shida, in an yi maka tayin "TZ" kada ka zaci maganin Bature ne. Tuwo ne da zafinsa, sunan ma namu ne aka gutsure. "Waakye" kuwa wake da shinkafa ce ta je makaranta.

In da sauran kuɗi, ka leƙa dajin Mole ka gaida giwaye, ka biya ta tsohon masallacin laka na Larabanga. In babu, shiga motar Salaga, inda fataken Kano suka riƙa zuwa da jakuna sayen goron Gwanja. Su watanni suke yi a hanya ba su koka ba, don haka kada a ji bakinka in mota ta tsaya shan iska. Kuma ka riƙo wa mutanen gida goro, domin ba wanda zai tambaye ka ci nawa aka tashi kafin ya leƙa jakarka.