Jego Ba Jariri

Gara in faɗa da bakina tun kafin iyalina su faɗa a gidan biki: ba na iya wanka da ruwan sanyi. Ba a hunturu kaɗai ba, lokacin da kowa ke da uzuri. Ko a watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano ke haura digiri 40, sai an sirka mini. Ga furfura ta fara leƙowa a gemu, ga 'ya'ya a sakandare, amma in na tsoma yatsa a bokiti na ji sanyi, sai in tsaya ina kallon ruwan, ruwan na kallona, daga ƙarshe in fito da tawul a kafaɗa in ce na tuna wani aiki.

Da a wanka abin ya tsaya ma da sauƙi. Jiƙa kaina nake yi. Na sayo wani ƙaton bahon roba, irin wanda masu wanki da guga ke jiƙa zannuwan gado, na ce wa mai shagon na yara ne. Babu yaron da ya taɓa sa ƙafa a ciki. Bayan isha'i ake juye tukunya a sirka, in shiga in takure, gwiwa na taɓa haɓa, ba na fitowa sai yatsuna sun yamushe. Ana ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki ina cewa ga ni nan, kuma ba ƙarya na yi ba, ina nan ɗin.

Mai son jiki in ya yi karatu ya fi kowa hujja, don haka na je na nemo tawa. Kuma hujjar tana da ƙarfi. Ɗumi yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, jini ya kwarara waje, naman jiki da ya ɗaure ya saki. Bayan mutum ya fito, zafin cikin jiki ya riƙa fita ta tafin hannu da ƙafa, ya ɗan sauka, wannan saukar kuwa ita jiki ke ɗauka a matsayin alamar lokacin barci ya yi. A 2019 wasu masu bincike a Jami'ar Texas da ke Amurka suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan haka, suka ga ruwa mai digiri 40 zuwa 42, awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, ko na minti goma ne, yana rage jiran barci da kusan minti goma. Na karanta wa uwargida wannan har da ɗaga yatsa. Ta gama saurare ta ce, "Malam, kai yaushe ka taɓa jiran barci? Jiya fa a cikin bahon aka tashe ka."

Sai na koma kan hujjar gwiwa. Ruwa yana ɗauke wa mutum nauyi. Wanda ya shiga har wuya, kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ya sauka daga gaɓoɓinsa. Shi ya sa likitocin gashin ƙashi ke sa masu amosanin gaɓɓai da waɗanda aka yi wa aiki su motsa jiki a cikin kwarmin ruwan ɗumi. Duk gaskiya ne. Sai dai su motsi suke yi, ni zama nake yi. Ruwan bahona a cibiya yake tsayawa, gwiwoyin da nake kafa hujja da su kuwa su ne kaɗai ɓangaren da ke waje yana shan iska.

Da muka je Yankari a jihar Bauchi, kowa na ɗokin ganin giwa, ni ina ɗokin Wikki. Ruwa ne garai-garai da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ana hango farin yashin ƙasansa, dare da rana yana nan a wajen digiri 31, rani da damina. Yara suka faɗa suna ihu. Na shiga a hankali, na ɗan jima, sai na ji bakina ya ce, "Da za a ɗan ƙara masa." Jikin mutum digiri 37 ne, saboda haka a wurina Wikki ruwa ne da aka ɗora aka sauke da wuri. Mutane na zuwa daga nisan duniya su yaba, ni na zo daga Kano na yi ƙorafi. Tun daga ranar nake jin labarin Tafadek a arewacin Agadas, inda ruwan zafi ke fitowa daga ƙasa masu ciwon jiki ke zuwa jiƙa, ina ta lissafin kuɗin mota.

Wadda ta fi kowa yi mini illa ita ce Gwaggo. Ta zo ta kwana biyu, ta ga ana ta wucewa da tukunya, ta tambaya wa ya haihu. Da aka gaya mata, ta sa aka kira ni. "Ɗan nan, ashe jego kake ba a gaya mana ba? Yaushe ne suna? A tsinko masa darbejiya, in dama masa kunun kanwa." Ita ta yi wa matan zuriyarmu wankan jego fiye da yadda za a ƙirga: tafasasshen ruwa safe da yamma, ana fyaɗawa da ganye, har kwana arba'in. Na ga dama ta samu in nuna ilimi. Na ce mata tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da tsananin zafin wanka da kwanciya a gasasshen gado da kuma gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya aiki. Na ce shi ya sa yanzu ake cewa ruwan ya zama mai ɗumi kawai, a bar kanwa. Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "To, na ji. Su dai suna gamawa ranar arba'in. Kai naka arba'in ɗin yaushe?"

Zancen zuciyar kuwa ban fi ƙarfinsa ba. Zafi na saukar da matsin jini a jijiya ya ƙara wa zuciya gudu, in mutum ya miƙe farat ɗaya sai jiri ya kwashe shi. Ya kwashe ni, ƙofa na dafa, na fito na ce santsi ne. Mai hawan jini da ke shan magani, da mai ciki, da mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi har ta ƙone bai sani ba, duk ina yi musu wa'azin taka-tsantsan a majalisa. Na iya wa'azin sosai.

Gas kuma ba ya jin hujja. Tukunyar gas ɗin da ke kai mu ƙarshen wata yanzu tana ƙarewa ana tsaka da tuƙa tuwo, idanu su juyo kaina. Na koma jera baƙaƙen jarkoki a rana, ina kiran abin amfani da hasken rana. Ruwan alwalar asuba kuwa a filas nake ɓoyewa. Ranar da liman ya yi magana a kan ladan cika alwala cikin sanyi, na fi kowa gyaɗa kai a sahu.

Makon jiya autanmu ya ƙi wankan makaranta, wai ruwan sanyi na matse jijiyoyin jini. Na ɗaure fuska na ce masa namiji ba ya tsoron ruwa, maza ya shiga. Ya shiga yana kuka. Uwarsa ta leƙo daga kicin, ta ɗaga murya yadda zai ji sarai, ta ce, "Malam, naka ya tafasa, in juye?"