Sabulu a Ido, Wuta Ta Ɗauke

A ƙasar Shagari da Boɗinga ba a tunawa da hitar wanka sai Disamba ta kama. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, baƙin tankin robar da ke bisa gini dafa ruwa yake yi kyauta, har sai an tara a bokiti an jira ya huce kafin a yi alwalar azahar. Amma da hunturu ya sauko, sanyin asuba ya fara tsayar da dattijo mai gemu a gaban buta yana shawara da zuciyarsa, sai mai sabon gini a Horo Birni ya fara tambaya: wace hita zan saka a banɗaki? Mai tanki, wadda ke tara ruwa ta dafa ta ajiye, ko 'yar zamani marar tanki, wadda ke dafa ruwan yana wucewa? Ni dai ina bayan mai tanki, kuma ba don tsoron sabon abu ba. Lissafi ne ya kai ni, da kuma tausayin mutumin da ke tsaye babu riga.

Gardamar ba ta yau ba ce. A 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera na'urar da ke dafa ruwa da gas yayin da yake zuba cikin baho, sai dai bai yi mata hanyar fitar hayaƙi ba, don haka mai wanka yakan samu ruwan zafi da jiri a lokaci guda. A 1889 Edwin Ruud, mutumin Norway da ya zauna a Amurka, ya fito da mai tanki da ke kunna kanta. Tun daga nan ake ja-in-ja, kuma ban ɓoye ba, a takarda marar tanki ce ke cin kokawa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a gidan da ba ya shan ruwan zafi da yawa, takan fi mai tanki tattalin makamashi da kashi 24 zuwa 34 cikin ɗari. Ta fi daɗewa, ba ta cin wuri, ruwanta ba ya ƙarewa. Duk gaskiya ne. Abin da ba a rubuta a jikin kwalin ba shi ne, waɗanda suka yi wannan lissafi suna zaune ne a inda in ka taɓa makunni fitila ta kama, ba sai an yi mata addu'a ba.

Ga namu lissafin. In shawa tana zubo lita 5 a minti, kuma kana son ruwan ya tashi daga digiri 20 zuwa 40 kafin ya taɓa gadon bayanka, ana buƙatar kusan kilowat 7 a wannan minti, ba anjima ba. A wutarmu mai volt 230, wannan ya kai amp 30, nauyin da siririyar wayar da aka ja wa ƙwan fitila da fanka ba za ta ɗauka ba sai ta fara wari. Ƙaramin janareton da bai cika kilowat ɗaya ba kuwa, ko maganar kada a yi masa. Sannan in wuta ta zo ba ƙarfi, ta sauko 160, zafin da hitar ke bayarwa ba ya kai rabin na ainihi. Mai tanki ba ta da wannan gaggawa. Mai lita 50 da ke cin kilowat ɗaya da rabi za ta kai ruwa digiri 60 cikin kusan awa ɗaya da rabi. In aka sirka, bokiti biyar ke nan masu lita 20. In wuta ta yi rauni, sai ta ƙara lokaci. In an kawo ta ƙarfe biyun dare kowa na barci, ta sha abinta ta riƙe zuwa asuba. Rumbu ce: manomin Horo Birni ba ya jira sai yunwa ta kama shi sannan ya nufi gona ya ga ko gero ya nuna.

Don kada in ci mutuncin kowa, bari in ara wa misalin kaina. A ce na shiga kasuwa a Sakkwato, mai shago ya ce, "Alhaji, wannan ai ita manya ke yayi," ni kuma, da yake ban je Makka ba amma an kira ni Alhaji, na biya ban taya ba. A ce an kafa ta, na kira maƙwabta sun gani, na sanar da uwargida cewa daga yau an sallami tukunyar murhu. Asubar Janairu, na shiga, na rataye zane, na buɗe shawa. Sai shiru. Hita marar tanki ba ta kamawa sai ta ji ruwa na gudu da ƙarfi, tankina kuwa tsayin mita 3 ne kawai sama da kaina, alhali sai da mita 10 ake samun matsin ruwa na "bar" ɗaya. Na rage wannan, na murɗa wancan, har ta yarda ta kama, ɗumi ya fara saukowa, na yi hamdala, na cuɗa sabulu tun daga ƙeya har idon sawu, na rufe ido. A daidai nan ne za a ɗauke wuta, don ba a taɓa ɗauke ta mutum na sanye da babbar riga yana jira ba. Cikin daƙiƙoƙi ruwan da ya kwana a sama yana shan iskar hunturu zai sauko mini a tsakar kai. Ihun da zan yi zai sa liman ya zaci ɓarayin shanu ne. In buɗe ido, sabulu. In rufe, duhu. In nemi zane, ya faɗa bokiti. Daga ƙarshe in leƙo da kai ta bakin ƙofa in ce, "Maman yara, ko akwai sauran garwashi?" Ita kuma ta ce, "Malam, ai ka sallami tukunya," da muryar da ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

Za a ce na zaɓi mummunar rana ne. To, marar tanki tana son abu uku su haɗu a minti ɗaya: wuta mai ƙarfi, ruwa mai ƙarfi, da mutum a tuɓe. Na ukun kaɗai ke hannuna. Tun Afrilun 2024 da aka tsauwala kuɗin wuta ga masu rukunin A, alƙawarin awa 20 a rana nasu ne, kuma ƙauye ba ya cikin wannan sahu. A Oktoban wannan shekarar ma manyan layukan da ke kawo wuta Arewa sun lalace, birane suka yi kwanaki a duhu. A irin wannan hali mai tanki ma ba ta tsinana komai, na yarda, amma ranar da aka ba da awa biyu ita ce kaɗai ta san abin da za ta yi da su. Za a ce tana asarar zafi tana zaune, kuma haka ne. Sai dai a nan wata uku ake kunna hita, sauran tara ƙawa ce a bango, kuma tattalin wata uku ba zai biya kuɗin sake wayarin da injin tura ruwa ba. Akwai marar tanki mai aiki da gas, wadda ba ruwanta da ɗauke wuta, ita ce ƙwaƙƙwarar hujjar abokan gardamata. Amma tana son silinda cike a lokacin da kicin ma ake lallaɓa shi, kuma in aka kafa ta a rufaffen banɗaki mai 'yar taga ɗaya, an koma 1868: iskar da take fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Wanda ya ce a koma ga rana bai saɓa mini ba, don hitar rana mai bututun gilashi ita ma tanki gare ta, a kan rufi kawai aka ɗora shi. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan na'urori, Isra'ila kuwa tun 1980 ta wajabta su a sababbin gidaje. Matsalar hitar rana ɗaya ce mai ban haushi: hazo na rufe rana, ƙura na lulluɓe gilashin, a daidai watannin da ake nemanta. Maganinsa tsumma, tsani, da yaron da ba ya tsoron hawa.

Saura mai cewa duk wannan fankama ce, kakanninmu tun zamanin da Shehu ke Sifawa da tukunya suka yi wanka. Gaskiya ne, kuma tukunya ba ta taɓa ɗaukewa ba. Amma na lura duk mai wannan magana namiji ne, kuma ba shi ke tashi kafin kiran salla ya hura itacen da ya yi tsada, hayaƙi na shiga masa ido, ba. A tambayi mai hura wutar kafin a yanke hukunci.

In ka sayi mai tankin, ka tsaya a kan mai haɗa ta. Ya ja mata wayarta daban, ya binne mata waya a ƙasa don kada jikinta ya riƙa ja, ya saka bawul ɗin da ke sakin ruwa in zafi ya yi yawa, ya tabbatar bangon ba na laka ba ne, don lita 50 kilo 50 ne ban da nauyin ƙarfen. In ya ga bawul na ɗiga ya ce bari ya toshe shi, karɓe kayan aikinsa, ka ba shi kuɗin mota, ka raka shi har bakin titi.