Haƙarƙari a Obin? Kwantar da Hankalinka, Malam

Tun daga kanu na ga ka yamutsa fuska. Ka ce gashin haƙarƙari irin na Amurkawa ai na alade ne, a'uzu billahi. Sannu da wa'azi, Malam, ajiye carbin. Gaskiya ne a Memfis da Kansas Siti haƙarƙarin alade suka fi ɗorawa a wuta, amma mutanen Teksas da naman sa suke tinƙaho, gishiri da masoro kawai suke barbaɗa masa. Kai da kake yanka rago duk Babbar Sallah, wa ya aike ka wajen alade? Dabarar za mu ara, naman namu ne.

Ka ce nama ba ya gasuwa sai a tukuba, obin kuwa na kek ne da biredi. Inji wa? Haƙarƙari ba tsoka zalla ba ne, jijiya da kitse sun cika shi. Ka watsa shi a kan garwashi mai ruruwa, waje ya babbake, ciki ya ƙi, ka yi ta ja da haƙori har muƙamuƙinka ya gaji, sannan ka kwashe wa mahauci albarka. Bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Jijiyar nan sai ta daɗe a zafi marar ƙarfi take narkewa ta koma danƙo, irin wanda ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya kwana. Obin kuwa ya iya riƙe zafi wuri guda, ba ruwansa da fifita.

Juya haƙarƙarin ka dubi gefen ƙashi. Akwai wani farin tantani a manne. Zura bakin cokali ka ɗaga shi, ka kama da tsumma don santsi gare shi, ka ja ya fita. Idan ka bar shi, yaji ba zai ratsa ta nan ba. Ka ce kakarka ba ta taɓa cirewa ba? Allah ya jiƙanta, da haƙoranta cif ta koma ga Mahaliccinta. Kai nawa suka rage maka?

Murza masa gishiri, citta, tafarnuwa, barkono da masoro, ya kwana a firij. Washegari ka naɗe shi ruf da takardar foyil, ka sa obin a digiri 150. Na rago awa 2 zuwa 2 da rabi, na sa awa 3 zuwa 4. Kuma don Allah ka bar leƙe, duk buɗewa zafi kake zubarwa. Idan naman ya ja baya ya bar bakin ƙashi a waje, tsinke kuma ya shige ba gardama, ya yi.

Sai miyar shafawa: markaɗen tumatir, ruwan tsamiya, da mazarƙwaila ko zuma, a dafa su yi kauri. Zaƙi a nama? Ka riƙe baki! Kai da kake danna sukari cokali biyar a shayi yau ka zama likita? Amma a ƙarshe ake shafawa, a buɗe foyil, a ɗaga wuta zuwa 220, minti 10. Ka shafa tun farko, sukarin ya ƙone, ka ci ɗaci.

Ka ce ƙamshin hayaƙi fa? To, nan ka ɗan kama ni, amma kar ka yi rawa. Tun 1895 wani mai sayar da magani a Kansas Siti, Ernest Wright, ya fara ɗura ruwan hayaƙi a kwalba yana sayarwa. Idan wannan ya yi maka kama da tsibbu, hura gawayi a kurfoti ka ɗora naman minti 5, ka barbaɗa yajin ƙuli.

Saura ka ce awa uku ta yi yawa. Wasa biyu ne fa kawai a gidan kallo, kuma nan ba wanda zai ci Arsenal ka dawo gida ka ƙi cin tuwo.