Bagobiri da Karensa Sun Tafi Farauta

Jikan Bawa, bawana, ina gajiya? Ba gajiyar aiki nake tambaya ba, don kowa a Ƙofar Sauri ya san kai da aiki sai dai gaisuwa daga nesa. Gajiyar gudu nake nufi. An ce har yau da man zafi ake kwana a gidanka, uwargida na murza maka ƙafa tana kau da kai don kada ka ga haƙoranta. Allah ya ƙara sauƙi.

Wallahi na so in rufa maka asiri. Ka san mu Katsinawa kunya ta yi mana yawa. To amma jiya na iske ka a majalisa ka tara yara kana ba su labarin farautar nan, har zabbi sun zama bakwai. Ranar Asabar da abin ya faru, zabuwa ɗaya ce. Ranar Litinin ta haihu sun zama uku. In na yi shiru zuwa Juma'a, na san giwa za ta shigo labarin. Don haka bari in faɗi abin da idona ya gani, tunda tsautsayi ya sa ina cikin motar.

Asalin ciwon nan waya ce. Tun da yaronka ya saya maka babbar waya muka rasa kanka. Kullum bayan Isha'i kana kan tabarma, tabarau a karan hanci, kana kallon Turawan Amurka suna farautar wani tsuntsu da suke kira fezan, mai kamar zakara, da doguwar wutsiya da farin zobe a wuya. Har ka zama malaminmu a kansa. Kai ka sanar da mu cewa tsuntsun ma baƙo ne a can, daga ƙasar Sin aka kai shi jihar Oregon a farkon shekarun 1880, ya samu wuri ya miƙe ƙafa, har jihar Dakota ta Kudu ta ɗauke shi tambarinta. Na ce lallai, dole ka so shi. Baƙon da ya zo ya fi masu gari baki, ai ɗan'uwanka ne.

Ka ce a Dakota ɗin ana buɗe farautarsa ranar Asabar ta uku a watan Oktoba, bayan amfanin gona ya nuna. Mutum ya yanki lasisi, ya shiga filin gwamnati ko gonar da gwamnati ta yi haya daga manomi don mafarauta, ba mai ce masa daga ina. A Ingila kuma daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu. Duk wannan gaskiya ne, ban ƙaryata ka ba. Amma na lura da inda idonka ya fi haske: wurin da aka ce a Dakota ba a fara harbi sai ƙarfe 10 na safe. Farautar da ba ta hana barcin hantsi, ita ce farautar Bagobiri.

Sai kuma karnukansu. Nan ne hankalinka ya tafi gaba ɗaya. Kare ya shiga ciyawa yana shinshina, da ya ji ƙanshin tsuntsu sai ya ƙame, ya ɗaga ƙafa ɗaya, wutsiya a miƙe, kamar an dasa shi. Ba haushi, ba wawura. Sai maigidansa ya iso, tsuntsu ya tashi, a harbe, karen ya je ya ɗauko a baki ko gashi bai tsinke ba. Ka buga cinya ka ce, "Wanga aiki ni ka yin shi!" Muka ce Allah ya ba da sa'a. Abin da ba ka tsaya ka ji ba shi ne, tun suna 'yan kwikwiyo ake horar da su, wata da watanni, kuma irinsu ne aka zaɓa tun kaka da kakanni.

Kai kuwa saura mako uku a fita ka je ka sayo naka. Hausawa sun gama magana tun tuni, ba a kiwon kare ranar farauta, amma da yake Bakatsine ne ya tuna maka, ka ce hassada ce. Ka raɗa masa suna Walƙiya. Ni tun ganin farko na sa masa Sai-an-jima, don ko jifansa aka yi sai ya yi hamma kafin ya tashi. Ka ɗura masa ƙanzo da sauran tuwo da ƙashin balangu har wuyansa ya yi taiɓa. Horo kuma, kullum da yamma ka jefa silifa ka ce ya ɗauko. Gaskiya ya koya, ba zan zalunce shi ba. Cikin kwana goma babu zauren da ya rage da takalmi cikakke a layinku. Wani maƙwabcinka da ƙafa ɗaya ya je ɗaurin aure.

Ranar fita ta zo. An gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, kara kwance a gonaki, hazo ya fara saukowa. Muka hau a-kori-kura da asuba muka bi hanyar Kaita, kana ta gunaguni cewa a Amurka ba a tashin mutum da duhu. Mutanen da muka bi kuwa 'yan farauta ne na gado. Karnukansu sirara, ciki a ɗame, haƙarƙari a ƙirge, kowanne idonsa na kan maigidansa. Ga gora, ga kere, ga burgami a rataye, ga adaka guda biyu da ƙahon albarushi. Tufafinsu duk launin ƙasa, sun sha hayaƙi da ƙura har ba ka raba su da kara.

Sai ga ka. Kai jama'a! Riga mai ruwan lemo, irin ta masu gyaran titi, tana ƙyalli tun kafin rana ta fito. Ka ce haka Turawa ke yi don kada a harbi juna. Dattijon da ke jagorantarmu ya dube ka sama da ƙasa, ya ce ai kuwa ba mai harbinka, kuma ba abin da za ka harba. Tsuntsu yana ganin launi, Mai Tsage. Kakannin mutanen nan kan burtu suke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa, su durƙusa suna rarrafe suna gyaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har su kai kusa da nama bai farga ba. Su suna ɓuya su zama tsuntsu, kai ka zo ka zama tutar ɗan siyasa.

Amma fa in ba ka haƙƙinka: tafiya ka yi ta. Awa biyu cikin kara da sabara ba ka ce wash ba. Gobir gidan faɗa, jinin yana nan. Har na fara jin kunyar dariyar da na tanada.

Sai Allah ya kawo fakara. Wanda ya san ta ya san halinta: takan lafe a ciyawa ta yi likimo, sai ka kusa taka ta ta tashi da wata irin ƙara, firrr, kamar an yage sabon yadi. To a ƙarƙashin hancin Walƙiya ta tashi. Abin mamaki, ya ƙame! Ƙafa ɗaya a sama, daidai yadda ka gani a waya. Ka ɗaga murya, "Kun gani? Mi nic ce muku?" Ba ka rufe baki ba ya juya, ya bi ta tsakanin ƙafafunka, bai tsaya ba sai ƙarƙashin mota. A ranar na yarda sunansa Walƙiya. Kai kuma ka zauna daɓas cikin ƙarangiya.

Ni na cire maka ita, kada ka manta. Na durƙusa a bayanka kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ɗaya bayan ɗaya, daga wando har gindin riga, wasu sun shige zariya, wasu sun kama gashin ƙwauri. Duk wadda na fizga sai ka ja iska ta haƙori ka ce ba zafi. Yatsuna sun kwana biyu suna ƙaiƙayi. Ka duba irin hidimar da ubangida ke yi wa bawansa, duniya ta juya.

Bayan azahar muka hango zabbi. Zabon daji ba wawa ba ne. Garke yake tafiya da rani, ɗaya na hangen nesa, da ya tsargu sai ya fasa kuka duk su zuba da gudu, don ya fi yarda da ƙafarsa a kan fiffikensa, in an matsa ya haye doguwar itaciya. Masu abin suka kewaya ta bayan iska, suka saki karnuka, kere ya yi aiki, suka samu biyu. Muna cikin haka muka ji kururuwarka daga can gefen wani ƙauye. Walƙiya ya kama! Muka rugo. Ga shi kuwa da zabuwa a baki, kai kana tsalle kana kirari, har kana ambaton Alƙalawa, birnin kakanninku.

Dattijon nan ya sunkuya ya duba, ya yi shiru. Zabuwar farin ƙirji gare ta. A ƙafarta kuma ga jan ƙyalle a ɗaure. Jikan Bawa, a wane daji ka taɓa ganin zabuwa da ɗan kunne? Kafin ka ba da amsa sai ga wata tsohuwa ta fito daga bayan danga da muciya a hannu. Abin da ta faɗa maka ba zan rubuta ba, yara na karanta wannan shafi. Kana cikin ba da haƙuri, Walƙiya ya ja abinsa gindin kalgo ya fara kalaci.

A nan ne ka zama malami. Wani ya tuna maka hadisin Adiyyu ɗan Hatim, cewa in kare ya ci daga abin da ya kama a bar shi, don kansa ya kama wa. Ka gyara hula ka ce ai mu Malikawa ne, kuma Imamu Malik ya halatta ko da karen ya ci. Ka yi daidai, na jinjina maka. Sai dai ka tsallake sharuɗɗa biyu: kare ya zama horarre, kuma abin ya zama na daji, ba zabuwar mutane ba. Kafin ma a gama muhawara fatawar ta rasa abin hawa, don ban da baki da ƙafa da jan ƙyalle ba abin da ya rage. Kuɗin zabbi biyu tsohuwa ta karɓa, ta ce mai ƙwai ce. Ka lalube aljihu, wai ka bar kuɗi a ɗayan wandon. Ni na biya. Ina nan ina lissafi, kuma in watan cika-ciki ya zo kada in ga ƙeyarka da sunan karɓar kuɗin shara.

Ban ga laifinka ba, gudu da neman mafaka a wurinmu tsohon abu ne. An ci Alƙalawa a 1808, aka sake kwasar ku a Gawakuke a 1836, ina kuka dosa? Gefen Maraɗi, wurin Katsinawa, kuka kafa Tsibiri jifa kaɗan daga gare mu. Kamar 'yan zabin da kaza ta ƙyanƙyashe kuke, mu yi reno, ku girma ku fi mu kuka. Na san me za ka ce: su Katsinawan me ya kai su Maraɗi in ba gudu ba bayan an ci Katsina a 1807, kuma a Gawakuke ai tare aka sha kashi? To, na ji. Tare muka gudu. Amma mu muka riga ku isa, ko a nan mun fi ku.

Bari in ajiye wasa kaɗan, ba da yawa ba. Da muna dawowa na ga ka yi tsit, dattijon na ba da labarin yadda a da ake kwana da kwanaki a Dajin Rugu, ta wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa, ana dawowa da gada da barewa. Yau wa zai shiga? 'Yan bindiga sun mai da shi gida. Abin da ya rage mana gefen gonaki ne, su ma kullum gari na cinye su, ga masu cinna wa daji wuta don ɓera ɗaya. Mutum goma sha, wuni guda, zabbi biyu da zomo ɗaya. Shi ya sa abu ɗaya cikin karatun wayarka ya zauna mini: a Dakota zakaru uku kacal aka yarda mutum ya harba a rana, macen kuwa haramun ce, don ita ce shekara mai zuwa. Da ka faɗa, dattijon ya yi murmushi ya ce su ma iyayensu ba sa taɓa daji da damina lokacin da zabuwa ke kan ƙwai, kuma a ƙasar Maraɗi da Gobir ba mai fita sai an yi buɗar dawa. Ka ga abin da ka je nema Amurka, yana ƙofar gidan kakanka. Rigar lemo ka ɗauko, ka bar hankalin.

Yanzu ga shawara, kyauta, ba irin bashin zabuwa ba. Karyar dattijon nan ta haihu, kuma ya ce zai ba ka ɗa ɗaya, don ya ce bai taɓa dariya irin ta ranar ba tun da aka yi masa kaciya. Ka karɓa. Ka fara tun yanzu, ka rage masa tuwo, ka riƙa fita da shi da asuba, i, da asuba, ba ƙarfe goma ba. Karen bana shi ke maganin zomon bana, naka sai ya yi maganin na baɗi. Walƙiya kuwa a bar shi a kan sana'arsa, a buɗe masa shagon takalma a Kasuwar 'Yar Kutungu.

Asabar mai zuwa za a sake fita ta hanyar Mani, na kama maka wuri kusa da ni, don farauta ba kai ba ta da daɗi, wannan kam na yarda. Ka zo da wandon da kuɗin ke ciki. In kuma kana da amsa, shafin nan a buɗe yake, sai dai ka sani jan ƙyallen nan yana aljihuna.